Sunan da ya riga keke isowa: nazarin lamarin Ogre a Sabon Garin Zariya

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, keke ya soma dawo da martabarsa a Zariya. Waɗanda aka jingine a zaure da bayan ɗaki suka fito da ƙurarsu, masu gyara suka samu aiki, ma'aikatan da ke kai da komo tsakanin Birni da Samaru suka fara lissafin abin da kuɗin mota ke ci a albashinsu. A cikin wannan yanayi ne lamarin da za a bayyana a nan ya faru. Lamari ne na keke guda ɗaya, na hannu, wanda sunansa ya iso gari tun yana cikin kwantena a tashar jiragen ruwa, aka yi makonni ana raha da gardama a kan ma'anar sunan kafin wani ya taɓa sirdinsa.

Wanda ya yi odarsa wani Alhaji ne mai sayar da kekunan gwanjo a gefen kasuwar Sabon Gari. Abokin cinikinsa na Legas ya turo masa hotunan kayan da ke tafe ta WhatsApp domin ya ware nasa, kamar yadda suka saba. Yawancinsu irin waɗanda ido ya saba gani ne, na yara, da na mata masu kwando a gaba, da masu giya da samari ke so. Guda ɗaya ne ya fita daban. Firam ɗinsa na ƙarfe ne siriri, tayoyinsa manya masu kauri, birkinsa na faifai irin na babur, ga ƙananan ramukan noti birjik a jikinsa har a ƙarafan da ke riƙe da tayar gaba. An rubuta Surly a jikinsa, an kuma rubuta wata kalma mai haruffa huɗu, Ogre. Alhajin ya kai wayarsa rumfar wani dattijo mai gyaran keke da ke daura da shagonsa, inda ake zaman majalisa bayan la'asar, ya miƙa ta ta zaga hannuwa, ya tambaya ko akwai wanda ya san wannan suna.

Hasashen farko daga yaron shagon ya fito, kuma shi ne ya fi daɗewa a bakin mutane. Ya dubi rubutun ya ce, "Alhaji, ai Oga ne aka rubuta, Turawan ne ba su iya rubuta shi ba." Aka kwashe da dariya, amma zancen ya zauna, domin ya yi daidai da abin da ido ke gani a hoton. Oga kalmar Yarbanci ce da ta game Nijeriya, ta shiga Hausar kasuwa da ta tasha da ta bariki, kuma duk wanda ya zauna Sabon Gari ya san nauyinta. Nan take aka shiga gina bayani a kanta. Wani ya ce keken darakta ne, wanda ake ba shi idan an karɓe motar ofis saboda tsadar mai. Wani ya ce idan kana kansa ɗan acaɓa ba zai matsa maka ham ba sai ya fara gaishe ka. Wani dattijo mai karɓar fansho, wanda zai sake fitowa a wannan labari, ya gyara hularsa ya ce in dai haka ne to da shi keken ya dace, domin ya yi shekara talatin da biyar yana ce wa wasu oga, lokaci ya yi da shi ma zai hau Oga ya taka shi yadda ya ga dama.

Wani direban tirela da ke ɗaukar hatsi daga kasuwar Giwa zuwa kudu bai yarda ba. Ya ce, "Ku dai ba ku san hanya ba ne. Wannan Ogere ne, an manta harafi ɗaya." Ogere gari ne a jihar Ogun, a kan babbar hanyar Legas zuwa Ibadan, inda manyan motoci ke yada zango, kuma babu direban Arewa mai zuwa Legas da bai san shi ba. A bayaninsa, an ƙera keken ne domin yaran mota, saboda jerin tireloli a wurin ya yi tsawon da ba a zuwa sayo abinci da ƙafa a dawo da shi da zafinsa. Ya kawo hujja daga hoton, ya faɗaɗa shi da yatsu biyu ya nuna ramukan noti, ya ce nan za a rataya jarkar ruwa, nan kular abinci, nan kuma buta. Duk da raha yake yi, shi ne ya fi kowa kusantar gaskiyar aikin keken, domin waɗannan ramuka na ɗaura kariya da gorunan ruwa da jakunkunan tafiya ne.

Wata mata Bayarabiya mai sayar da kayan miya, da ta zo karɓar keken ɗanta, aka ce mata, "Iya, ke ce za ki raba mana gardama." Ta karanta ta ce ogiri ne, wato ɗanɗanon miya da Yarabawa ke yi da ruɓaɓɓen agushi, Inyamurai kuma da 'ya'yan zurma, ɗan'uwan daddawa wajen ƙarfin wari, ta ƙara da cewa ɓarawo ba zai taɓa satarsa ya ɓoye ba, hanci zai kai mai shi har ƙofar ɗaki. Wani mutumin Tudun Wada kuwa cewa ya yi Agoro aka so rubutawa, kamfanin ya ji labarin unguwarsu ya karrama ta, don haka su ne ya kamata a fara yi wa tayi.

Har zuwa nan babu abin da ya ɓaci, kuma a ganina babu abin zargi. Kowa a rumfar ya san wasa ake yi, kowa ya san ɗan'uwansa da sana'arsa, kuma rabin daɗin hirar shi ne ganin yadda kowane mutum ya jawo sunan zuwa ƙofar gidansa. Ya kamata a faɗi wani abu a nan, domin mai karatu zai tambaya: da yawa daga cikin mazauna majalisar suna da waya mai intanet, kuma binciken kalmar ba zai ɗauki minti ɗaya ba. Wasu sun duba tun ranar farko, suka yi shiru. Ɗaya daga cikinsu ya gaya mini cewa wanda ya kawo amsa ya kashe hirar mako guda, kuma ba ya so a ce shi ne. Na fahimci wannan uzuri, domin a lokacin da kowa ke kukan tsadar masara da kuɗin makaranta, abin da zai sa dattawa su yi dariya har su share hawaye ba ƙaramin abu ba ne.

Inda lamarin ya sauya shi ne lokacin da wani ɗalibin jami'a ya kawo nasa hasashen. Zariya gari ne na taƙaitattun sunaye. Ga ABU da aka kafa a 1962, ga IAR da NAERLS na binciken aikin gona a Samaru, ga NAPRI ta binciken kiwon dabbobi a Shika, ga NCAT ta koyon tuƙin jirgin sama a Palladan, ga NITT ta fasahar sufuri a Basawa. Unguwa guda sukutum ana kiranta PZ, daga sunan kamfanin Paterson Zochonis. Mai ƙafa uku da ke yawo a titunan garin ma ya samo sunan Keke NAPEP ne daga shirin yaƙi da talauci na gwamnatin tarayya na 2001. Kunnen Bazazzagi ya saba da cewa haruffa uku ko huɗu da ba su bayar da ma'ana ba sunan hukuma ne, kuma hukuma takan zo da rabo. Ɗalibin ya yi amfani da wannan sabo, ya ɗaure fuska ya ce O da G da R da E wani sabon shiri ne na raba wa malaman gona da manoma kekuna, kuma wannan na hoton shi ne samfuri. A rumfar an gane raha ce, aka yi dariya aka wuce. Amma maganar ta fita daga rumfar ba tare da dariyar ba. Wani ya faɗa a masallaci, wani ya maimaita a motar Shika, aka tura hoton a wani zauren WhatsApp na ƙungiyar manoma da rubutu ɗan gajere a ƙasa. Bayan 'yan kwanaki sai ga wani manomi daga wani ƙauye da ke bayan Shika, riƙe da kwafin katin shaidarsa a cikin leda, yana tambayar inda ake rubuta suna. Alhajin ya yi ta rantse masa cewa keke ɗaya ne tak, na sayarwa ne, bai ma iso ba. Mutumin bai yi faɗa ba, ya dai zauna a benci ya yi shiru, domin ya bar aikin gona ya kuma kashe kuɗin mota. Majalisar ta haɗa masa kuɗin komawa, ɗalibin ya ba shi haƙuri da kansa yana cewa, "Baba, ka yafe mini, wallahi wasa na yi," aka kuma roƙi wanda ya tura hoton ya koma zauren ya warware.

Dattijon mai gyara, wanda ya fi kowa shekaru a sana'ar keke a wannan layi, ya yi wata magana a ranar da nake ganin ita ce mabuɗin lamarin gaba ɗaya. Ya ce shi tun yana yaro yake gyaran Rali, bai taɓa jin wanda ya tambayi ma'anar sunan ba. Kuma gaskiya ne sunan yana da asali: Raleigh sunan wani titi ne a birnin Nottingham na Ingila inda masu ƙera keken suka fara aiki a shekarun 1880, tambarinsa kan zalɓe ne, kuma an yi zamanin da ake haɗa shi a Kano. Phoenix, wanda ya cika ƙauyukanmu da ɗaukar buhu da itace, daga birnin Shanghai na ƙasar Sin yake, sunan wani tsuntsun tatsuniya ne. Hero kuma daga Ludhiana ta Indiya, inda aka kafa kamfanin a 1956. Babu wanda ya zauna yana hasashe a kan waɗannan sunaye, saboda tare suka zo da kekunan. An hau, an ɗora kaya, an ga wanda ke jure rami da wanda ke karyewa, sai sunan ya cika da abin da aka gani. Rali ya zama ƙarko da daraja a kunnen Bahaushe ba tare da ya san akwai wani titi a Nottingham ba. Abin da waya ta kawo sabo shi ne ta raba suna da mai suna. Hoto yakan iso cikin daƙiƙa, kaya kuwa sai sun bi teku da kwastan da hanyar Legas zuwa Kaduna, kuma a tsakanin nan mutane ba su da abin riƙewa sai haruffa. Dole su zuba musu wata ma'ana, ta wasa ko ta gaske.

Bayan zuwan manomin ne aka ga ya kamata a nemi amsa a fili. Wani malamin Turanci na makarantar sakandare, mai kawo kekensa faci, shi ya yi bayanin. Ya fara da abin da ya faranta wa yaron shagon rai, wato a bakin mutanen Ingila, waɗanda ba sa furta harafin R na ƙarshen irin wannan kalma, lafazin yana dab da "oga". Yaron ya yi daidai a furuci. A ma'ana kuwa ya yi nisa, domin kalmar, wadda Ingilishi ya aro daga Faransanci, tana nufin ƙaton halitta mai cin mutane a tatsuniyoyin Turai. A taƙaice, Dodo. Kamfanin Surly kuwa na Amurka ne, yana garin Bloomington a jihar Minnesota, ya fara a 1998, kuma sunansa kansa yana nufin mai murtukakkiyar fuska. An san shi da kekunan ƙarfe masu ƙarko da kuma sunaye na barkwanci. Ya yi Karate Monkey, wato biri ɗan kareti, da Ice Cream Truck, wato motar tallar askirim, da Big Dummy, wato ƙaton dolo, wanda dogon keke ne na ɗaukar kaya. Yana da Krampus, sunan wata halitta mai ƙaho da ake tsorata yara marasa ji da ita a Ostiriya da maƙwabtanta a watan Disamba. Ya kuma yi Troll, wani dodon na tatsuniyoyin arewacin Turai, wanda ƙirarsa ta yi kama da ta Ogre, sai dai tayarsa inci 26 ce, ta Ogre kuwa 29. Ke nan su ma masu kamfanin raha suke yi da sunayen, kuma majalisar Sabon Gari ba ta ɓata musu komai ba da ta mayar da martani da irin nata.

Amsar ba ta kashe hirar ba kamar yadda aka ji tsoro, sabon babi ta buɗe. Dodo ɗan gida ne, kowa ya girma da shi a tatsuniyar dare tare da Gizo da Ƙoƙi. Direban ya ce shi bai damu ba ko dodo ne, muddin ba dodon koɗi ba ne, wanda zai bar Kwangila da safe ya isa Samaru da magariba. Wani ya tambaya, in dodo ne, me yake ci? Aka ce ai ba ya shan fetur, wannan kaɗai ya isa a yafe masa sauran laifukansa. Matar mai kayan miya ta ce za ta riƙa tsorata jikokinta da shi idan sun ƙi wanka. Mutumin Tudun Wada ya janye da'awar unguwarsu cikin mutunci, ya ce su ba su da dodo a Agoro, a tambayi mutanen Kufena masu duwatsu.

Wani ya ɗauki abin da gaske, ya tambayi limamin da ke zama da su wani lokaci, "Allah ya gafarta Malam, ya halatta Musulmi ya hau abin da aka sa wa sunan dodo?" Malamin ya amsa cewa sanya wa abin hawa suna tsohon abu ne, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana da taguwa mai suna Ƙaswa da alfadari mai suna Duldul, kuma ƙarfe ba ya zama aljani don an manna masa takarda. Ya ce wanda sunan bai kwanta masa ba ya kira keken da abin da ya fi so, ko ya ɓamɓare rubutun. Wani ya tuna cewa a kirarin 'yan dambe da na sarakuna dodo yabo ne, ana nufin wanda ake shakka. Aka bar maganar a nan.

Duk tsawon wannan lokaci dattijon mai gyara yana neman abu ɗaya ne, kuma sai da ya maimaita kafin a saurare shi. Ya ce, "Alhaji, ka ce wa mutumin nan na Legas ya ɗauko mana hoton gefen taya, inda lamba take, da hoton bawul, da na birki." Da hotunan suka zo sai ya nuna wa majalisar abin da ya fi sunan rikitarwa. A gefen tayar an rubuta 29, kusa da shi kuma 622. Lamba ta biyun ita ce ta gaskiya, ita ce faɗin bakin rim a ma'aunin milimita. Tsoffin kekunan Rali da Phoenix da ake ce wa masu taya 28, nasu rim ɗin milimita 635 ne. Wato rim ɗin da ake kira 28 ya fi wanda ake kira 29 girma, saboda incin da ake faɗa ya haɗa da kaurin taya, kuma tayar wannan keke mai kauri ce. Kekuna masu giya da suka fi yawa a gwanjo, masu taya 26, nasu 559 ne. Ma'anar wannan ita ce, daga tayoyin da ke rataye a yawancin shagunan layin, ta 28 za ta yi masa yawa, ta 26 ba za ta shiga ba. Siraran tayoyin kekunan tsere suna da wannan awo na 622, amma sun yi wa rim mai faɗi siranta, kuma ba su dace da ɗaukar kaya a hanyar burji ba. Bawul ɗin siriri ne wanda famfon mai faci ba ya kamawa sai an ɗaura masa ɗan ƙarfen haɗi. Birkin faifai yana kamawa da kyau ko a cikin ruwan sama da taɓo, amma idan takalminsa ya cinye ba a yanka roba a sa masa kamar na tsohon keke, sai an samo nasa. Abin da dattijon ya yaba shi ne firam ɗin, wanda na ƙarfen kuromoli ne mai lamba 4130, ba na alminiyom ba, don haka ko ya tsage ana iya gyara shi, da sharaɗin mai waldar ya san bututun ba shi da kauri, kada ya ƙona shi. Ya rufe da cewa doki ake saya da sanin inda za a samo masa harawa.

Wannan bayani ya tono wata matsala da ba kowa ya sani ba. Dattijon mai fansho ya riga ya ba Alhajin kafin alƙalami tun a kwanakin da ake kiran keken Oga, kuma Alhajin, da ya ga yadda sunan ke tashe, ya yanka farashi mai tsauri. Yanzu dattijon ya ji batun taya da birki, ya ce a mayar masa da kuɗinsa. Alhajin ya ce ciniki ya faɗa, kuma saboda shi ya hana wasu. Ba a ɗaga murya ba, domin su biyun sun daɗe tare, amma majalisar ta yi sanyi na kwana biyu. Limamin ne ya shiga tsakani. Ya bayyana cewa a mazhabar Malikiyya sayar da abin da ba ya nan ya halatta idan an siffanta shi, kuma ba a sharɗanta biyan kuɗi tun kafin ya zo idan yana nesa, in ya zo bai dace da siffar ba kuwa mai saye yana da zaɓi. Sai ya tambayi Alhajin wace siffa ya bayar. Alhajin ya yi shiru, sannan ya ce hoto da suna. Malamin ya ce suna ba siffa ba ne, balle sunan da shi kansa mai sayarwa bai san ma'anarsa ba a lokacin. Alhajin ya ƙirga kuɗin ya miƙa, ya ce, "Yallaɓai, ga amanarka, Allah ya sa haka ya fi alheri," dattijon ya amsa da amin, suka gaisa.

A nan ne nake ganin Alhajin ya yi kuskure, kuma a nan kaɗai. Barin mutane su yi raha da sunan ba laifi ba ne, talla ce ma da bai biya ko kwabo ba. Amma da zarar hannu ya shiga aljihu, ya kamata ya tsayar da wasan ga wannan mutum ɗaya, ya ce masa ga girman firam, ga awon taya, ga abin da ake samu a Zariya, ga abin da sai an aika Kano ko Legas. Ya san dattijon fansho yake ci, ya kuma san ba aikin keken ya burge shi ba, daɗin maganar hawan Oga ne ya ɗebe shi. Mayar da kuɗin da ya yi ba tare da ja-in-ja mai tsawo ba abin yabo ne, kuma ya tsare masa mutuncinsa a layin.

Keken ya iso cikin motar kaya tare da sauran, da ƙura da 'yan ƙuje-ƙuje a fenti. Mutane suka taru kallo fiye da yadda aka saba. Abu na farko da ya bayyana shi ne tsayinsa. Dattijon mai fansho ya gwada ɗora ƙafa, ya ga ko an sauke sirdi har ƙasa ba zai taka feda yadda ya kamata ba, ya yi hamdala ya koma benci, daga baya ya sayi wani mai taya 26 a shagon Alhajin, wanda ya yi masa daidai. Direban ya ƙirga ramukan noti da yatsa yana neman a shaida cewa shi ya fara faɗa. Dattijon mai gyara ya juya keken ya kafa shi a kan sirdi, ya kaɗa tayoyin ya saurari boris, ya matsa birki, ya ce lafiyarsa lau, tayar baya ce kawai ta ci rabi.

Wanda ya saye shi wani dogon matashi ne ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje, yana zaune a Wusasa, yana aiki a Samaru, yana kuma da gona a hanyar da mota ba ta shiga da damina. Bai halarci ko ɗaya daga zaman hasashen ba. Ya zo da tambayoyinsa a shirye, ya hau ya zaga har PZ ya dawo, ya yi tayi ƙasa da farashin farko, ya kuma sa sharaɗi cewa Alhajin zai sa a haɗo masa taya biyu da tif da takalmin birki a kaya na gaba. Aka rubuta a takarda, dattijon mai gyara ya zama shaida. Mai walda ya ƙera masa kariya ta gaba da ta baya aka ɗaura su a ramukan nan, kuma da su yake kai taki gona ya dawo da masara ɗanya.

A majalisa ana kiran keken Oga Dodo, an haɗe sunayen biyu domin kada yaron shago ko malamin Turanci wani ya ji an kayar da shi. Mai keken ba ya kiransa da komai sai keke. Dattijon mai gyara kuwa ya rubuta shi a littafin bashinsa da "mai 622", saboda lambar da zai faɗa ke nan idan ya buga waya Kano neman kaya. Alhajin ya sauya tsarinsa, yanzu ba ya kai hoton sabon keke rumfa sai ya karɓi hoton gefen taya da awon firam daga Legas, kuma ba ya karɓar kafin alƙalami sai mai saye ya ji su daga bakin dattijon mai gyara. Tayar baya ta fara sulɓi a ƙarshen damina, waɗanda aka yi oda kuma suna cikin kayan da ake jira.